Hantsin Yaro Na Wane Ne? Tarihin Lokacin Karatu a Birnin Damagaram

Alhamis ce babbar ranar kasuwar Dole. Tun gari bai gama wayewa ba amalanken shanu da na jakuna ke shigowa Damagaram ta hanyar Mirya da ta Magarya da ta Tanut, ɗauke da gero da wake da itace da tabarmin kaba, kafin hantsi ya dubi ludayi kuwa ba masaka tsinke. Alhamis ɗin nan ce kuma ranar da ake jingine alluna a zaurukan Birni da Zango da Garin Malam, ba a sake ɗauko su sai Juma'a da yamma ko Asabar da asuba. In ka zauna da dattawan da suka yi lakwal, wato makarantar boko, a zamanin Faransa za su ƙara maka na uku: su ma ba sa shiga aji ran Alhamis.

Hutu biyu suka haɗu da kasuwa a rana ɗaya, alhali ba wanda ya shawarci wani. Hutun allo, malamanmu ga Sayyidina Umar suke jingina shi: wai da ya dawo daga Sham yaran Madina suka fita tarbarsa nesa da gari har suka gaji, sai ya ba su waɗannan ranaku su huta, abin ya zauna ga duk mai koyar da yara. Na lakwal kuwa daga wata rigima ya fito wadda ba ruwanmu da ita. Ran 28 ga Maris 1882 Faransa ta yi dokar da ake kira da sunan Jules Ferry, wadda ta fitar da darasin addini daga makarantun gwamnati, ta bar wa iyaye rana ɗaya a mako, ban da Lahadi, su kai ƴaƴansu wurin limaman coci. Ranar ita ce Alhamis, kuma haka ta zauna a can har 1972 da suka mayar da ita Laraba. Ɗan Birnin da ke yawo cikin kasuwa ran Alhamis a 1950, da tamma guda a hannu yana neman mai ƙuli-ƙuli, albarkacin sulhun gwamnatin Faransa da cocin Katolika yake ci bai sani ba.

Yau lissafin ya juye. Lakwal Litinin zuwa Juma'a, allo Asabar zuwa Laraba. Yaron da ke yin duka biyun, kuma a Birni mafi yawansu ke nan, ba shi da rana ko ɗaya a mako da ba a jiransa a wani wuri. Ban taɓa ganin takardar da aka rubuta wannan a cikinta ba, ba kuma taron da ya yanke shi. Kowane ɓangare ya ja nasa, yaro ya cike giɓin.

Ni malamin firamare ne, a Birni aka binne cibiyata, kuma furfura ta riga ta ci rabin kaina a gaban allon bango. Bana a taronmu na CAPED, inda malaman makarantun unguwa ke haɗuwa su duba aikinsu, aka kafa ƴar tawaga ta sake duba tsarin lokutan karatu, saboda ajin yamma ya zama abin da ya zama a watannin zafi. Da aka raba aiki, matasan suka ɗauki lissafin sa'o'i da zanen jadawali a kwamfuta. Ni aka ce, tunda na girme su, in binciko daga ina wanda muke bi ya fito. Na ɗauka aikin kwana biyu ne.

Sai da na koma har kafin agogo. Gidan sarautar Damagaram kansa daga malami ya samo tushe, Malam Yunus, a ƙarni na 18, kuma ƙasar ta daɗe tana duban Gabas, wajen Barno, don mulki da don karatu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye Birni da ganuwa ya kuma yi mulki har 1884, garin cike yake da almajirai da fatake da ayarin raƙuma masu sauka a Zango. Makarantar lokacin tana da tsari, tsari ma mai tsauri, sai dai ba a rubuce yake ba don ba a bukata. Salla ce ke yanka yini. Bayan asuba a zauna, kowa da allonsa, ana biyawa har hantsi. A tashi, ƙananan su tafi neman abin kari ko aiken gida, gardawa su shiga ɗinkin hula ko wankau ko rubutun sha. Bayan azahar a dawo har la'asar sakaliya. Bayan lisha a hura wuta da karan da kowane yaro ya ɗebo da yamma, a zagaye ta, a yi tilawa har ido ya yi nauyi. Ran Laraba yaro ya zo da ɗan abin da uwa ta ƙulle masa a bakin zane, kuɗin Laraba, ya ajiye gaban malam, an rufe mako ke nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tsarin nan shi ne yadda yake numfashi tare da shekara. Da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, makaranta takan cika, domin lokacin ne uba ke iya sakin ɗansa ya bi malam ci-rani, zuwa Damagaram ko Kano ko can Gabas. In hadari ya fara haɗuwa sai a watse, ko kuma malam ya kwashi almajiransa su koma ƙauye su yi noma, karatu ya koma na asuba da na dare kawai. Ba a cewa yaro ya rasa zango. Allonsa na nan inda ya tsaya, in ya dawo daga nan zai tashi, tunda ba ya tafiya tare da kowa: wannan yana Tabbat yada, na kusa da shi yana Yasin, kowa da ranar da zai wanke. Ba jarrabawar ƙarshen shekara, sai sauka, ita kuma ranar da yaro ya kai ce ranarta. Ba yabon tsarin nake yi ido rufe ba. Yunwa da dorina da bara suna cikinsa, kuma yaro kan yi shekaru bai kai ko'ina ba ba tare da wani ya tambaya ba. Amma ta fuskar lokaci, an ɗinka shi daidai jikin garin.

Sai aka kashe Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa a nan cikin Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, a ƙarshen Yuli 1899, bayan karon Tirmini, sojan Faransa suka shiga Birni. Suka gina barikinsu a kan duwatsu, suka sa masa sunan mamacin, daga nan kuma garin ya fara jin wani kira da ba na ladan ba: begila. Malaman lakwal na farko a ƙasar nan sojoji ne da tafintoci, abin da suke nema kuwa yaran da za su ji Faransanci su zama masinja da akawu da tafinta. A 1903 gwamna janar Ernest Roume ya tsara makarantun Afirka ta Yamma ta Faransa daga can Senegal: ta ƙauye, ta yanki, ta birni, kowace da darussanta. Da Zinder ta zama hedikwatar ƙasa a 1911 sai ofisoshi suka ƙaru, bukatar masu rubutu ta ƙaru, aka matsa wa sarakuna su kawo yara. Yadda aka kawo su kowa ya ji a gidansu. Mai hali ya ɓoye nasa a rumbu ya miƙa ɗan bara ko maraya. Kakata har ta rasu tana kiran ranar da dogari ya zo ɗaukar ƙaninta ranar da aka kama shi.

Abin da lakwal ta karɓa a wurin yaro shi ne mafi tsada a yininsa, daga hantsi zuwa rana tsaka, lokacin da kai ke sabo, ciki bai fara kuka ba. Ta dawo kuma ta karɓi bayan azahar zuwa gab da almuru, irin yadda ake yi a Faransa, inda yaro kan tafi gida cin abincin rana ya komo. Allo bai yi faɗa ba, ya matsa gefe: ya riƙe asuba, ya riƙe dare, ya riƙe ranakun da lakwal ba ta so. A Kano labarin ya ɗan bambanta. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 da Hausa ta fara, kuma har yau ƴan firamare a Najeriya da rana suke tashi gaba ɗaya, yamma ta zama ta Islamiyya. Kilomita ɗari biyu da wani abu ne tsakaninmu da su, rana ɗaya ke dukanmu, amma yaronsu yana gida da azahar, namu yana ɗaura takalmi zai koma aji. Bambancin ba daga mu ya fito ba, daga Landan da Paris ne.

Akwai wani mutum da sunansa ya shiga labarin nan sau biyu. Jules Brévié shi ne gwamnan da a hannunsa aka ɗauke hedikwata daga Zinder aka kai Yamai a 1926, ana kafa hujja da ƙarancin ruwa a garinmu da kusancinmu da Ingilishi na Kano. Da ya zama gwamna janar a Dakar a 1930, shi ne ya tura abin da suka kira makarantar karkara, inda aka yanki babban rabo na yinin ɗalibi aka ba gona da lambu da kiwo. A takarda abin ya yi kyau: karatu ya dace da rayuwar manomi. A ƙasa kuwa uba ya ga an ƙwace masa ɗa daga gonarsa an kai shi yana noma gonar mushe, wato malamin lakwal, ga aikin tilas yana ci a lokacin. Mutane suka tsane ta, bayan taron Brazzaville na 1944 aka watsar da ita, aka koma bin manhajar Faransa sak. Nakan tuna wannan duk lokacin da wani a tawagarmu ya ce a sa aikin hannu da yamma tunda kan yara ba ya ɗaukar lissafi. Shawarar ba ta da laifi. Amma an taɓa yin ta a garin nan ba tare da an tambayi iyaye ba, kuma an ga yadda ta ƙare.

Kalandar shekara ma gadonta muka ci: a shiga Oktoba, a fita ƙarshen Yuni, babban hutu Yuli zuwa Satumba. Sau da yawa na ji ana cewa ai wannan ya dace da mu, tunda ya faɗo a damina. Ya dace da tsakiyar damina, bai dace da bakinta biyu ba. Ruwan shuka yakan sauka a Yuni, wani lokaci ƙarshen Mayu, daidai sa'ar da ake shirin jarrabawa; ranar da aka wayi gari ƙasa ta jiƙu, malamin ƙauye ya san bencinsa rabi ne. A ɗaya bakin kuma, Oktoba tsakiyar kaka ce: ana yankan gero, ana ɗaurin dami, ana roron wake, a ƙasar Magarya da Matamaye ana cirar gyaɗa. Wane uba ne zai saki hannu biyu a wannan lokaci? Sannan ga ajin zana. Makarantar da ba ta da gini sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa rumfa, ruwan farko kuma shi ke rushe ta. Shekarar wata tara a takarda takan koma shida ko bakwai a irin waɗannan wurare. Bayan gobarar ajin zana a Yamai cikin Afrilu 2021, da ta Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar, inda yara ashirin ko fiye suka rasu a kowace, an yi ta magana a kan haɗarin wuta, kuma daidai ne. Lokacin da zana ke ci kowace shekara shiru ake yi da shi.

Wani ɗan ƙaramin abu da malamin lissafinmu ya nuna mana, ni kuwa ban taɓa kawo shi a raina ba: agogon Nijar ɗaya ne daga Tera har Ngigmi, amma rana ba ɗaya ba ce. Zinder tana gabas da Yamai da kusan digiri 7, kowane digiri kuwa minti 4 ne. Rana tana fito mana kusan rabin sa'a kafin ta fito musu. Ƙarfe takwas ɗin da aka rubuta a ofis a bakin kogin Kwara, a nan hantsi ya riga ya ɗaga. A Diffa abin ya fi haka. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wannan rabin sa'a na sanyin safiya ba abin yarwa ba ne.

Lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal a ƙasar nan ba su kai 5 cikin 100 ba, saboda haka damuwar gwamnatin Diori Hamani ita ce a ƙara azuzuwa, ba a taɓa agogo ba. Karo na farko da malamai suka zauna da kansu suka sake yanka yinin yaro, a garin nan aka yi shi. A 1973, ana tsakiyar fari, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, Faransanci ya shigo a hankali, da baki tukuna kafin alƙalami, sai a manyan azuzuwa ya karɓi ragama. Ka duba abin da wannan ke nufi ga mai tsara jadawali. Tsohon tsari ya ba harshen Faransa kaso mafi tsoka na mako, domin sai yaro ya ji shi kafin ya ji komai. In ka cire wannan katanga, sa'o'i sun kuɓuta, sai ka yanke abin da za ka zuba a ciki, da shekarar da za ka fara mayar da su, da minti nawa. Ba littafi, ba wanda ya riga su. Ƙa'idar rubutun Hausa da aka daidaita a taron Bamako na 1966 ba ta fi shekara bakwai ba. Na yi aiki a farkon shigata da wani dattijo da ya koyar a irin waɗannan azuzuwa. Ya ce da dare suke rubuta darasin gobe da fitilar ƙwai, su buga a injin juyi mai warin sinadari, da safe su gwada, da yamma su haɗu su yi gardama a kan abin da ya karɓu. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Abin dariya, abin haushi, sunan gwaji bai bar su ba har waɗanda suka fara a ciki suka yi jikoki.

A 1982, zamanin Seyni Kountché, nan Zinder aka sake tara ƙasa gaba ɗaya don muhawara a kan makaranta, aka fitar da abin da ake kira Sanarwar Zinder. An yi maganganu masu kyau a kan harsunan gida da haɗa karatu da sana'a. Amma kuɗin yuraniyom ya riga ya fara janyewa, kuma gyaran jadawalin da ya iso mu a ƙarshen shekarun 1980 ba daga wannan taro ya fito ba, daga masu ba da bashi ya fito. Shi ne aji mai kashi biyu: malami ɗaya, ɗaki ɗaya, yara rukuni biyu, waɗannan da safe waɗancan da yamma, a riƙa musanyawa. A lissafin Bankin Duniya an ninka yawan ɗalibai ba a ƙara bulo ko albashi ba. A lissafin uwa kuwa an ba ɗanta rabin karatu, sauran rabin yinin yana yawo a titi. Ƙungiyar malamai ta SNEN ta ƙi shi, iyaye suka ƙi shi, ya shiga cikin tarin ƙorafin tsuke bakin aljihun ilimi da ya fitar da ɗalibai kan gadar Kennedy a Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, inda aka harbe uku. Shekarun da suka biyo baya na yajin aiki ne da albashin da ba ya zuwa da shekarun da aka soke ɗungum. Har yau in ka ce wa tsohon malami za a tashi yara da rana, abin da ke fara faɗo masa ke nan, sai ka ga fuskarsa ta canza. Dole tawagarmu ta san da wannan tabo kafin ta buɗe baki a gaban iyaye.

Na kusa-kusan nan kowa ya gani. A 2020 cutar korona ta rufe makarantu daga Maris har farkon Yuni. A 2024 ruwa ya yi yawa har tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba, mutanen da gidajensu suka faɗi suka cika azuzuwa, gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A duka biyun an matsa kalandar da ake ce mana ba ta matsuwa, sama kuma ba ta faɗo ba.

Da na kai wa tawaga wannan, wata matashiyar malama ta ce, "Baba, to duk wannan tarihi me zai ƙara mana a jadawali?" Na ce zai hana mu ɗauka cewa farar takarda muke zane a kai. Sai muka ajiye kwamfuta muka fara da yara. Muka ce wa ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, kowa ya rubuta yininsa na jiya, daga farkawa har barci, ba da ƙarfe ba, da salla. Abin da ya fito ya fi duk littafin da na karanta. Yaro ya tashi asuba, allo har gari ya waye, ya sha koko in akwai, ya rugo. Yarinya ta tashi kafin shi, domin a bazara famfon unguwarsu cikin dare yake kawo ruwa in ya ga dama, ta jera jarka, ta kai tallan ƙosai, ta iso aji an riga an buga ƙarfe, a tsayar da ita a bakin ƙofa. Da rana a koma gida a ƙafa cikin ƙurar zafi, a dawo da ƙarfe uku ƙarƙashin rufin kwano da ke ƙara kamar ana gasa shi. Na sha tsayawa a gaban ajin yamma a watan Mayu ina kallon kawuna suna faɗuwa kan tebur ɗaya bayan ɗaya, alli yana narkewa a yatsuna saboda gumi, ina karanta darasi ga bango. A rajista an rubuta sa'a biyu da rabi na karatu.

Shawarar farko da ta zo wa kowa ita ce a matso da shiga aji zuwa ƙarfe bakwai, a yi ta a miƙe har bayan ɗaya, a soke yamma. Na ce kafin mu rubuta, mu je mu gai da mai asubar. Muka sami wani alaramma a zaurensa bayan la'asar, muka tuɓe takalma, muka zauna a kan buzu da tabarma.

Na ce, "Allah gafarta Malam, shawara muka kawo. In muka ce yara su zo mana da bakwai fa?"

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Mushe, kakanninku sun ci hantsi mun yi haƙuri. Yanzu asubar kuma kuke so?"

Na ce, "A gafarce mu, ba ƙwace muka zo ba, musaya muka zo. In kun ba mu sa'a guda da safe, yamma gaba ɗaya taku ce."

Ya ce wannan magana ce, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma da hunturu bakwai ɗin nan duhu-duhu ne, ga sanyi ga hazo, yaro mai riga ɗaya ba zai fito ba. Ya ƙara da abin da ba mu sa a lissafi ba: azumi. Watan yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, jadawalin da aka buga sau ɗaya aka manna a bango bai san da shi ba. Shi nasa tsarin, in ji shi, ya san da shi tun ran da aka kafa shi.

Iyaye mata sun fi shi tsanani. A taron da kwamitin kula da makaranta ya kira mana su, wata Hajiya mai sayar da fura ta ce, "Mushe, famfo ba ya duba agogonku. In kun ce bakwai, ƴata ce za ta sha bulala kullum." Wata ta ce in yaro zai zauna har bayan ɗaya, me zai ci? Yanzu da dala biyar ko goma yake zuwa, ya sayi ɗan wake a bakin ƙofa lokacin shan iska, ya san tuwon rana na jiransa da sha biyu. Wata kuma, wadda ta yi zamanin kashi biyu tana ɗaliba, ta tambaye mu kai tsaye ko dabara ce ta a rage wa ƴaƴansu karatu mu tafi kabu-kabu da yamma. Ban ji daɗin tambayar ba, amma tana da dalilinta, kuma a cikinmu akwai ƴan kwantaragi da abin da ake ba su ba ya kai su ƙarshen wata.

Inda muka tsaya yanzu ba nisa. Mun bar neman jadawali ɗaya na shekara, mun zana uku. Na kaka da hunturu ya bar safiya yadda take, tunda sanyi ne, ajin yamma kuma yana karɓuwa. Na bazara, daga Maris zuwa ruwan farko, ya matso da shiga da rabin sa'a, ya sa lissafi da karatu a sa'o'in farko, ya tsawaita shan iska don a ci wani abu, ya soke dawowar yamma. Na uku na azumi ne, a ɗora shi a duk watan da ya faɗo. Mun kuma roƙi a bar yammacin Alhamis ba aji a kowane lokaci, mu rama sa'o'insa a wani wuri, domin yaro ya samu ko da rabin yini da ba mai kiransa. A kan wannan malaman allo suka fi kowa murna, ƴan tawagarmu biyu kuma suka ƙi, suna cewa kasuwa za ta kwashe yaran tun da safe.

Sufeto ya karɓe mu da mutunci, ya karanta, ya ce abu biyu ba a hannunsa suke ba: jimillar sa'o'in mako, da ranar jarrabawa. In lissafinmu ya cika ba gibi, zai bari a gwada na bazara a manyan azuzuwa na makaranta biyu, a kwatanta da sauran. Malamin lissafi ya sake bugawa, ya ce muna bin mako bashin sa'a ɗaya da minti goma sha biyar, kuma ba inda za a samo su sai safiyar Asabar ko yammacin Laraba. Asabar ta allo ce. Laraba da yamma kuwa ita ce lokacin da mu kanmu muke haɗuwa, kuma malamai mata masu goyo sun ce ba za su ba da ita ba. Maganar ƴan mata masu ɗiban ruwa ma ba mu warware ta ba. An ba wasu mutum biyu su zagaya unguwanni su rubuto lokacin da ruwa ke zuwa a kowace, kafin zama na gaba.